Yaran da Aka Rubuta Sun Warke

A Damagaram aka fara nuna mini cewa digiri ba ya hana a cuci mutum. Na sauka daga motar Maigatari da jaka a kafaɗa da gwangwanin biskit a hammata, na shiga tasha ina taku irin na wanda gwamnati ta aiko. Wani ɗan kamasho mai yawan washe baki ya tare ni ya tambayi garinmu. Da ya ji Gumel sai ya dafe ƙirji, ya ce ai kakarsa 'yar can ce. Ya sayar mini da kujerar gaba a motar Yamai. Da aka zo tashi na tarar da wani Buzu zaune a kujerar, tikitinsa a hannu, takobinsa a cinya. Daga baya da muka saba ya gaya mini shi ma an ce masa kakar 'yar garinsu ce. Ban ja da mai takobi ba. Na koma can baya na zauna kan buhun barkono, ina atishawa ina Allah ya isa.

Sunana Isyaku, haifaffen Ɗanzomo. Lissafin ƙididdiga na karanta a Zariya, na dawo na kama aiki a ofishin lafiya a Gumel lokacin da Jigawa take sabuwar jiha. A tsakiyar shekarun casa'in wani kamfanin magani na Turai ya kawo sabuwar allurar zazzaɓin cizon sauro, irin mai tsananin nan da ke sa yaro ya sanƙare ya suma. Aka gwada ta damina guda a asibitocin yankinmu, daga Gumel zuwa Maigatari da Gagarawa da Sule Tankarkar, da wasu asibitoci a Nijar da Burkina. Wasu yaran a yi musu tsohuwar allura, wasu sabuwa, a rubuta yadda kowane ya ƙare. Da damina ta wuce, kamfanin ya kama hayar wani gida a Bobo, can ƙasar Burkina, ya zuba kwamfutoci, ya ce a tara bayanan a tace su a ga ko sabuwar allurar tana da illa. Ni aka zaɓa in shugabanci masu tacewar. In na sa hannu na ce lafiya lau, allurar za ta shiga duk asibitocinmu. Abin da ke cikin gwangwanin biskit ɗin nan faya-fayan kwamfuta ne masu ɗauke da bayanan yaranmu, da na Damagaram da aka ce in biya in karɓa.

Tikitin jirgi biyu aka aiko Kano, ɗaya nawa, ɗaya na Dokta Lawal, babban likitan da ya kula da gwajin a ɓangarenmu. Dokta ya ce tunda akwai faya-fayan Damagaram gara in bi ta ƙasa, kuma ƙuruciya ta fi jure hanya. Matarsa ce ta hau jirgi da tikitina.

Tsakanin Damagaram da Yamai shingen jandarma ya fi gari yawa. Ko'ina a sauke mu, a duba katin rigakafi, a juya shi a sake juyawa. Wajen Birnin Ƙonni wani ma'aikacin duwan, wato kwastan ɗinsu, ya buɗe gwangwanina.

Ya ce, "Mushe, mine ne wanga?" Mushe shi ne malam a Faransancinsu.

Na ce, "Faya-fayan aiki ne, ranka ya daɗe. Bayanan yara marasa lafiya ne a ciki."

Ya ce, "To sa mu ji."

Na yi bayani har bakina ya bushe cewa ba na waƙa ba ne, sai da kwamfuta ake karanta su. Sai ya jera su ɗaya bayan ɗaya a kan murfin mota, rana tsaka, ya koma inuwa ya ci gaba da shan shayinsa. Zafi yana lalata irin waɗannan faya-fayan, aikin damina guda na narkewa a gabana. Na tuɓe babbar rigata na ware ta a kansu na tsaya ina yi musu inuwa, fasinjoji suna kallona suna murmushi. Buzun nan da ya gaje mini kujera, Agali sunansa, shi ne ya sauko. Ya je ya tsuguna kusa da mutumin, suka yi Faransanci ƙasa-ƙasa, ya zaro ƙunshin sukari daga aljihu ya ajiye kusa da butar shayin. Nan take aka ce in kwashe tarkacena. A Yamai muka rabu, ya ba ni cuku guda biyu na guzuri, bai ko tsaya jin godiya ba. Ban sake ganinsa ba.

Daga Yamai Hausa ta fara ƙarewa kamar ruwan gora. Kafin Wagadugu ko gabas ba na iya tambaya sai da nuni. Gaskiyar masu magana, baƙo ko da ido makaho ne. Mota ta lalace a daji, aka gyara, ta sake lalacewa. Na isa Bobo ƙafafuna a kumbure, rigata ta canza launi. A ƙofar ofis na tarar da Dokta Lawal cikin farar shadda, yana ƙamshin turare.

Ya ce, "A'a, Malam Isyaku, sai yanzu? Mun zaci ziyara ka tsaya yi a hanya."

Na haɗiye abin da ya taso mini, na ce, "Hanya ce, Likita."

Shugabar ofishin wata Bafaranshiya ce mai jin Turancin Ingilishi, kowa Madam yake ce mata. A ƙarƙashina aka sa 'yan Burkina da 'yan Nijar da wani ɗan Mali. Wadda ta fi su kaifin kai wata ce Salimata, 'yar wani ƙauye kusa da Bobo, wadda ke kirana Shef, wato shugaba. Aikin ba na gaggawa ba ne. Sai an sa mutum biyu sun shigar da bayanin yaro ɗaya, kowa daban, sannan a gwada a ga inda suka saɓa. Za ka ga an rubuta yaro ɗan wata shida da nauyin ƙato, ko an shigar da yaro ɗaya da lamba biyu, ko an haɗe yara biyu an mai da su ɗaya. Na kafa doka cewa babu wanda zai san wace allura aka yi wa wane yaro sai mun gama tsabtace komai, don kada son zuciya ya shiga hannun mai gyara. Madam ta yaba da dokar. Dokta Lawal ya ce ina ɓata lokaci.

Kewar gida kuwa ta cikina ta fara kama ni. Abincin ofis burodi ne dogo mai tauri da wata miya da ban gane gabanta ba. Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci ina yawo wajen kasuwar shanu, sai na ji wata mata tana yi wa mai itace faɗa da Hausa, Hausar ma irin tamu. Na tsaya cak. Tsohuwa ce mai jiki, gabanta tukunyar tuwo da ƙwaryar fura. Na gaishe ta, ta dube ni sama da ƙasa.

Ta ce, "Ɗan nan, kai na ina ne?"

Na ce, "Ɗanzomo, Hajiya."

Ta ce, "Ikon Allah. Zauna. Ni Gambo ce, ta Maigatari. Har yanzu ranar Alhamis kasuwarmu ke ci?"

Mijinta falken shanu ne, shi ya kawo ta Bobo tun tana da ƙuruciya, ya rasu ya bar ta a zango. Ta zuba mini tuwon gero da miyar kuka, ta zauna tana tambayata mutanen da rabinsu sun daɗe a kabari. Na ci ina amsawa, hawaye na neman kunyata ni. Daga ranar nan kullum da yamma ina wurinta.

Da muka gama tsabtace bayanan aka sa ranar buɗe sirri. Kowa ya taru, na ba Salimata izini ta raba yaran gida biyu, na tsohuwar allura da na sabuwa. A asibitocin Burkina ba a ga wani bambanci mai ƙarfi ba. A namu kuwa abin ya yi kyau har ya wuce misali. Mutuwa kaɗan ce ƙwarai, kuma yaran sabuwar allura suna barin asibiti da wuri, da yawansu washegari ko jibi. Madam ta tafa, ta ce ga magani mai warkarwa da sauri, ga rage cunkoson gado. Dokta Lawal ya aika a sayo lemo. Ni kuwa ban yi murna ba, domin a gida na yi daminar nan, kuma na san yawan jana'izar yara da na tsaya wa salla.

Ɗaya daga cikinsu ɗan ƙanwata ne. Hadiza tana aure a Gagarawa, ɗanta na fari Nafi'u, bai daɗe da cika shekara uku ba. Zazzaɓi ya kama shi aka kai shi asibitin Gumel, aka yi masa allura. Washegari idanunsa suka kafe, fitsarinsa ya yi baƙi. Ubansa ya dube shi, ya je ya ce a ba su sallama. Duk wanda ya tashi a wajenmu ya san dalili. Ba ma barin namu ya cika a gadon asibiti in har mun ga alama. Ana tsoron ɗakin ajiye gawa, ana tsoron a ce za a yanka a duba, ana son a yi sutura a ranar. Kuma direban motar haya zai ɗauki mai rai komai jikinsa, amma ba zai ɗauki gawa ba. Ni na tsayar musu da mota. Hadiza ta goya shi ta lulluɓe da mayafi. Kafin mu kai Gagarawa ya cika a bayanta. Ta ji, ta dube ni, na gane. Ba ta yi kuka ba, don in direba ya sani zai sauke mu a daji. Haka ta zauna a matse cikin fasinjoji, ana hirar farashin wake, har muka sauka. Kafin magariba mun rufe shi.

Na ce wa Salimata ta fito mini da yaran Gagarawa masu shekarunsa. Babu suna a cikin kwamfuta, lamba ce kawai, amma ga garin, ga shekarun, ga makon. Sabuwar allura aka yi masa. A gurbin ƙarshe an rubuta ya fita da rai, kuma duk wanda ya fita da rai kwamfuta tana lissafa shi cikin waɗanda suka warke. Takardar da aka tsaro daga Turai gurbi biyu gare ta, ko yaro ya mutu a gado, ko ya fita da rai. Nas ɗin da ta cike ba ta yi ƙarya ba, da ransa ya fita. Asibitocin Burkina da aka zaɓa ba sa sakin yaro sai likita ya yarda, shi ya sa nasu matattun suka shiga lissafi, namu suka ɓace.

Washegari na nemi a zauna. Na yi wa Madam bayani dalla-dalla. Ta saurara tana juya biro.

Ta ce, "Kana nufin allurar ce ta kashe su?"

Na ce, "Ban ce ba. Na ce ba mu sani ba. Yaran da muke murna sun tafi gida da wuri, wasunsu makabarta aka wuce da su. Sai an bi su gida-gida an ji yadda suka ƙare. Kafin nan ba zan sa hannu ba."

Ta juya wajen Dokta Lawal ta ce, "Likita, haka ake yi a wajenku?"

Na dube shi da kwanciyar hankali, don na san ya sani. Mutum ne da ya yi shekara da shekaru yana sa hannu a takardar sallama. Sai ya gyara hula ya yi 'yar dariya, ya ce ai irin wannan sai jefi-jefi, a can ƙauyukan ƙayau, kuma Malam Isyaku rashi aka yi masa a gida, dole zuciya ta rinjayi lissafi.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Na ce masa da Hausa, "Likita, ka ji tsoron Allah." Madam ta ce a tashi, a huce.

Dokta Lawal ya same ni a gindin mangwaron da ke tsakar gidan. Ya sassauta murya.

Ya ce, "Malam Isyaku, kai yaro ne. A bar kaza cikin gashinta. So kake mu tsaya gaban Turawa mu ce mutanenmu gudun asibiti suke yi da yara a baya? Su rubuta a littafi cewa mu jahilai ne?"

Na ce, "Gara a ce mana jahilai da a ci gaba da yi wa 'ya'yanmu allurar da ba mu san halinta ba."

Ya ce, "Janareton da ke asibitinku wa ya kawo? Maganin kyauta fa? Motar ɗaukar marasa lafiya fa? In ka ɓata musu rahoto za su kwashe kayansu su tafi wata ƙasa. Yara nawa za su mutu a duhu saboda taurin kanka? Ka yi wannan lissafin, tunda kai ne malamin lissafi."

Maganar ta dake ni, ba zan ɓoye ba, don akwai gaskiya a gefenta. Amma na ce masa, "Likita, ni na riƙe wa ƙanwata ƙofar mota ta sauka da gawa a bayanta. Ba zan rubuta ya warke ba."

Ya kaɗe rigarsa ya ce, "To, ka ji da shi."

Har yau in na tuna, ba Madam nake jin haushi ba. Ita ba ta taɓa shiga motar Gagarawa ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Mutumin da ya sani sarai, ya mai da rasuwar ɗan ƙanwata hujjar cewa hankalina ya gushe, shi ne ya tsaya mini a rai.

Kamfanin ya bugo waya daga Turai ya ce babu kuɗin bin yara gida-gida, kuma yarjejeniya ta ce a tace abin da aka tara, ba a ƙaro wani ba. Aka ce in sa hannu ko in ba da wuri. Na ba da wuri. Madam ta kira Salimata ta ce ta karɓi shugabancin. Ina tattara takarduna na ji amsarta ta taga.

Ta ce, "Madam, a ƙauyenmu ma haka muke yi. In Shef bai sa hannu ba, ni ma ba zan sa ba."

Ita ce ke ciyar da gidansu da wannan albashin, kuma ban roƙe ta ba. Aka ce to, za a aika faya-fayan Turai a ƙarasa a can. Mai gadi ya karɓi mabuɗin ɗakina tun kafin azahar, yana ta ba ni haƙuri da hannu. A bakin ƙofa Madam ta tsayar da ni. Ta ce ba ta da ikon aika kowa, amma in na kawo mata ƙarshen yaran na gaskiya, za ta duba, kuma za ta tura gaba. Salimata ta buga mini lambobin yaran da aka sallama da wuri, da garuruwansu, da irin allurar da aka yi wa kowane.

Hajiya Gambo ce ta ba ni ɗakin ajiyar hatsinta na zauna. Da na ba ta labari ba ta yi mamaki ba ko kaɗan.

Ta ce, "Yo wa zai bar ɗansa ya mutu a hannun baƙi? Ni ma biyu na goyo daga asibiti a haka. Su masu karatun ba su tambayi kowa ba?"

Ta haɗa ni da wani direban babbar mota mai ɗaukar goro zuwa Maraɗi, ta ƙulla mini dawo da ƙuli-ƙuli. Ta ce in na je Maigatari in gaishe mata da kasuwa. A kan buhunan goro na yi komowar, rana ta gasa ni, ruwa ya dake ni wajen Dosso, ban ko ji ba saboda abin da ke cin raina.

Na tarar labari ya riga ni isowa Gumel, don mai jirgi ya riga mai goro. A ofis ana ta raɗa cewa na je ƙasar waje na yi wa Turawa rashin kunya an koro ni. Mutum ɗaya ce ta tare ni da maganar arziki, Sista Rifkatu, wata nas 'yar Filato da ta daɗe a wajenmu har ta fi wasu 'yan gari sanin lunguna. Ita ta cike da yawa daga takardun.

Ta ce, "Malam Isyaku, tun ana gwajin na faɗa wa Dokta a ƙara gurbi na uku. Ya ce ba mu muka tsara takarda ba. Kawo lambobin, ni na san iyayensu."

Ta ɗauki hutunta na shekara, na ari babur, muka shiga ƙauyuka. Ba a shiga gidan mutum da biro a hannu a ce ɗanka yana raye ko ya mutu. Sallama muke yi, ni in tsaya a zaure da maigida, ita ta shiga wajen mata. A gaisa, a tambayi amfanin gona, a sha ruwa. Sannan in ce, "Ina yaron nan da aka kwantar da damina, ya jiki?" Wani maigidan sai ya ƙwala kira, yaro ya fito a guje da ƙasa a gwiwa, mu yi dariya mu sa albarka. Wani kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Ai wanda ya fi mu sonsa ya karɓi abinsa." Mu ɗaga hannu mu yi addu'a. Sai mun fita bayan gari nake tsayawa a gindin bishiya in rubuta. Mun bi Sule Tankarkar da ƙauyukanta, mun bi Gagarawa, mun bi Maigatari har rugagen da ke bakin iyaka. Akwai ranar da muka yi ta'aziyya gida bayan gida har Sista Rifkatu ta ce in tsayar da babur, ta zauna a kan kunyar gona ta yi kuka ya ishe ta.

Da na zauna na haɗa lissafin, ba ya buƙatar kwamfuta. Gidajen da muka yi addu'a sun fi yawa nesa ba kusa ba a ɓangaren sabuwar allura. Na je Kano na tura wa Madam da Salimata ta faks, wato wayar takarda. Madam ta cika alkawari, wannan na shaide ta.

Abin da ya biyo baya shi ne har gobe ke tafasa mini jini. Kamfanin ya janye allurar shiru, ya ce wai dalilan kasuwanci ne. Ba a buga rahoton ba, ba a kuma gyara shi ba, aka jefa a durowa yadda yake. Babu wanda ya zo ya ce wa uba ɗaya ko uwa ɗaya ga abin da ya faru, ku yi haƙuri. Aka turo mota ta kwashe janareto. Dokta Lawal ya samu ƙarin girma ya koma birni, kafin ya tafi kuma ya tabbatar kowa ya san wanda ya kori maganin kyauta daga ƙasar Gumel. Na daɗe in na shiga wurin ɗaurin aure sai hira ta mutu. Na san yaran da aka haifa bayan nan ba a yi musu allurar ba, kuma wannan ya ishe ni in yi barci. Amma ba ya hana ni jin haushi.

Gidan Hadiza ne kaɗai ban shiga da tambaya ba a duk yawon nan, don na san amsar. Sai bayan komai ya lafa na je Gagarawa gaishe ta. Na same ta tana sussukar gero a tsakar gida, da sabon ciki. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta dama fura, muka taɓa hirar Inna da ta 'yan Ɗanzomo. Ta san abin da ya kai ni Bobo, ta kuma ji ana cewa an koro ni. Ba ta taɓa kiran sunan Nafi'u ba ko yana raye, saboda ɗan fari ne.

Can ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Yaya, a can ƙasar da ka je, yaron nan yana cikin takardunsu?"

Na ce, "Yana ciki."

Ta ce, "Me suka rubuta a kansa?"

Na so in yi mata ƙarya, amma a kan ƙin ƙaryar nan na rasa aikina, sai na ji ba zan fara a kanta ba. Na ce, "Sun rubuta ya warke."

Ta ajiye taɓarya a hankali, ta goge hannunta a zani.

Sannan ta ce, "To, Yaya, ka ce musu su kawo mini shi."